Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Akwai kalma guda mai fuska biyu, ya danganta da bakin da ta fito. A birnin Landan, Trafalgar sunan wani babban dandali ne mai dogon ginshiƙi da ya haura mita 50, an ɗora mutum-mutumin Admiral Nelson a ƙololuwarsa, ga zakuna huɗu na tagulla kwance a gindi. A bakin Bafaranshe kuwa, idan ka ji ya ce an yi masa "coup de Trafalgar", to wata masifa ce ta auka masa ba zato ba tsammani. Mu da muka yi karatu da Faransanci, ta wannan fuska ta biyu muka fara sanin kalmar, tun kafin mu san cewa sunan wani wuri ne a gaɓar tekun kudancin Sifen, inda jiragen yaƙin Ingila suka gwabza da na Faransa da na Sifen ranar 21 ga Oktoba, 1805.

Ina gabatar da shirin tarihi a gidan rediyo sau ɗaya a mako. Da na shiga labarin yaƙe-yaƙen teku tsakanin Ingila da Faransa, kusan duk wanda ya bugo waya tambayarsa ɗaya ce: tsakanin su biyun, wa ya fi jarumta? Ban ga laifin masu saurare ba. Mu mutanen kokowa ne. Idan aka shiga fili, abin da muke jira shi ne wa ya kai wani ƙasa, wa ya ɗauki takobi. Amma minti talatin na rediyo, da talla da gaishe-gaishe a ciki, ba ya isa a warware wannan tambaya. A nan ina da sarari, kuma ga amsata: jarumta kowa yana da ita. Abin da ya raba su ya faru ne tun watanni da shekaru kafin a harba igwa ta farko.

Bari mu fara da jirgin kansa, tunda yawancinmu babban ruwan da muka sani bai wuce kogin Kwara ko tafkin Madarunfa ba. Jirgin yaƙi na wancan zamani ba shi da inji. Katako ne da igiya da manyan ƙyallaye da ake kira filafilai, iska ce ke tura shi. Idan iska ta ɗauke, sarki da talaka duk sai su zauna jira. Jirgin Nelson mai suna Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765, ya ci itatuwa kusan 6,000. Yana ɗauke da igwa 104 a hawa uku, da mutum sama da 800 da ke kwana su tashi a cikinsa. Gari ne guda a kan ruwa, da masassaƙa da maɗinka da masu dafa abinci da likita. Da yake igwoyin a gefe suke, jirage kan jeru ne ɗaya bayan ɗaya, su juya wa abokan gaba haƙarƙari, a yi ta ɓarin wuta. Dunƙulen ƙarfen da igwa ke jefawa ba ya fashewa. Fasa katako yake yi, tsagin katakon ne ke tashi ya yanka mutane kamar wuƙa.

Duk wanda ya ce Faransawa ba su iya teku ba, bai karanta tarihin ba. A zamanin Sarki Louis na 14, waziri Colbert ya gina wa Faransa rundunar ruwa da ta tsorata kowa. An kafa ma'aikatar jirage ta Rochefort a 1666, inda gidan tufka igiya kaɗai ya kai mita 374. A 1690 Admiral Tourville ya fatattaki jiragen Ingila da na Holan a mashigin ruwan da ke tsakanin ƙasashen. Wajen ƙira ma, sau da yawa Faransawa ne a gaba. Da Ingilawa suka kama jirgin Invincible mai igwa 74 a 1747, sai suka aune shi ciki da waje suka riƙa kwaikwayon ƙirarsa. Ranar 5 ga Satumba, 1781, Admiral de Grasse ya hana jiragen Ingila shiga mashigin Chesapeake, sojojinsu da aka yi wa ƙawanya a Yorktown suka rasa mai kawo ɗauki, suka miƙa wuya a watan Oktoba. Ƴancin kan Amurka yana da ƙafa ɗaya a wannan rana. A tekun Indiya kuma Suffren ya kara da Admiral Hughes har sau biyar tsakanin 1782 da 1783, ba a kai shi ƙasa ba.

To me ya sa a ƙarshe Ingila ce ta riƙe teku?

Abu na farko taswira ce da aljihu. Ingila tsibiri ce, idan ta tsare ruwa ta tsare gida. Faransa kuwa tana da iyakoki na tudu masu tsawo da maƙwabta masu takobi, don haka duk sanda kuɗi ya yi kaɗan, sojan ƙasa ake fara ba, na ruwa ya jira. Sannan gaɓar tekunta biyu ce: rabin jiragenta a Brest ta yamma, rabi a Toulon ta kudu, kuma idan za su haɗu sai sun bi ta Gibraltar, wadda Ingila ta riƙe tun 1704. Ga kuma batun bashi. A 1694 aka kafa Bankin Ingila, ya ranta wa gwamnati fam miliyan 1.2 tana tsakiyar yaƙi da Faransa. Daga nan attajirai suka saba ba gwamnatin Ingila rance a kan riba mai sauƙi, domin tana biya. Sarakunan Faransa kuwa sun sha karya alkawarin bashi, saboda haka duk rancen da za su ci sai da tsada. Jirgin katako kullum cikin ruɓewa yake, ko ana yaƙi ko ba a yi. Mai kuɗin gyara shi ne mai jirgi.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ɗaukar hankalina. Ingilawa sun ɗauki dabarar zuwa su tsaya a bakin tashoshin Faransa, rani da damina, su hana fita. A ido, wanda ke cikin tasha shi ne mai hutu: jirginsa a ɗaure, ba guguwar da ke yaga filafilansa. Amma wanda ke waje yana shan duka a teku, kullum koyo yake yi. Ya san yadda ake naɗe filafilai cikin duhu da ruwan sama, ya saba ɗura igwa jirgi na tangaɗi. Na ciki kuwa hannunsa na sanyi. Nelson ya yi kusan shekara biyu, daga 1803 zuwa 1805, bai taka ƙasa ba, yana gadin Toulon sannan yana bin sawun jiragen Faransa. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

Wannan tsayuwa ba ta yiwuwa sai da ciki. A 1759 Admiral Hawke ya yi watanni a bakin Brest, ana aiko masa da shanu masu rai da ganyaye da giya daga Ingila a cikin ƙananan jirage. Da guguwa ta kore shi na ɗan lokaci, Admiral Conflans ya samu ya fita. Hawke ya cim masa ranar 20 ga Nuwamba a mashigin Quiberon, wuri mai duwatsu a ƙarƙashin ruwa, ga iska mai ƙarfi, ga magariba ta kawo jiki. Conflans ya ɗauka ba wanda zai bi shi cikin wannan tarko. Hawke ya bi shi. Ingilawa sun rasa jirage biyu a kan duwatsu, amma rundunar Faransa ta watse, shirin kai wa Birtaniya mamaya ya mutu a nan. Littattafai suna yabon ƙarfin halin Hawke, ya kuma cancanta. Ni dai nakan tuna da wanda ya ƙidaya shanun nan ya tabbatar sun isa.

Abu na uku lafiya ce. Babban makashin matuƙa a lokacin wata cuta ce da ke kama wanda ya daɗe bai ci ɗanyen abu ba: dasashi ya kumbura ya ruɓe, haƙora su yi ta girgiɗi, tsohon tabo ya sake buɗewa. A 1747 wani likitan jirgi, James Lind, ya ɗauki majinyata 12 ya kasa su bibbiyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Waɗanda suka sha lemu ne suka miƙe. Duk da haka sai a 1795, bayan shekara 48, hukumar sojan ruwan Ingila ta mai da ruwan lemun tsami abin rabawa ga matuƙa. Jinkirin ya ci rayuka da yawa, amma da aka fara, jiragensu suka iya daɗewa a teku fiye da da. A ɗaya ɓangaren, a ƙarshen 1757 wata rundunar Faransa ta dawo Brest daga Kanada da zazzaɓi mai yaɗuwa, ya kashe dubban matuƙa da mutanen gari. Ba igwar Ingila ko ɗaya da aka harba a wannan asara.

Na huɗu su ne mutane. Juyin juya halin 1789 ya kori sarauta, hafsoshin ruwan Faransa kuwa yawancinsu ƴaƴan manyan gida ne. Wasu suka gudu, wasu aka tuɓe su, wasu aka kashe. Za ka iya ɗaukar manomi ka ba shi bindiga, cikin ƴan watanni ya zama sojan ƙasa. Kyaftin ɗin jirgi kuwa sai ya fara tun yana yaro. Cikin waɗanda suka gudu akwai wani matashi ɗan Normandi da ya taɓa aiki a sojan ruwan Faransa, Marc Brunel. Kowane babban jirgi yana buƙatar kusan dubu na ƴan ƙafafun katakon nan masu juyawa da igiya ke bi ta kansu, irin waɗanda ake sa wa rijiya mai zurfi don janyo guga. Brunel ne ya tsara wa Ingilawa injunan sassaƙa su a Portsmouth, har a 1808 suna fitar da kusan 130,000 a shekara. Ɗan gida ne ya fafe wa maƙwabci gora.

Ingilawa su ma suna da tasu hanyar matsa wa hafsoshi, mai tsananin gaske. A 1756 Admiral Byng ya kasa ceto tsibirin Minorka daga Faransawa, ya janye. Kotun soja ta same shi da laifin rashin yin iyakar ƙoƙarinsa, aka harbe shi a kan jirgi ranar 14 ga Maris, 1757. Daga ranar kowane kyaftin ya san cewa ja da baya ya fi abokin gaba haɗari.

Da wannan duka a zuciya, sai a sake duban Trafalgar. Jiragen Ingila 27 ne, na Faransa da Sifen 33. Admiral Villeneuve ba wawa ba ne, ya ma faɗa wa kyaftin-kyaftin ɗinsa tun kafin ranar cewa Nelson zai nemi ya keta layinsu ya raba su. Ya san abin da ke zuwa, amma mutanensa sun daɗe a ɗaure a tasha, ga ƙarancin ƙwararrun matuƙa, ga marasa lafiya. Nelson ya tunkare su kai tsaye a layi biyu, abin da ke nufin jiragensa na gaba za su sha wuta na tsawon lokaci ba su iya ramawa ba. Ya yi wannan caca ne don ya san saurin hannun masu igwarsa, ya kuma san na abokan gabansa.

Mai neman jarumi a wannan rana ya dubi jirgin Faransa Redoutable. Igwa 74 gare shi, ya manne wa Victory mai 104. Kyaftin Lucas ya san ba zai iya gasar igwa da Ingilawa ba, don haka ya yi watanni yana horar da mutanensa harbin bindiga da jifa da gurneti daga saman ginshiƙan jirgi. Daga can harsashin da ya kashe Nelson ya fito. Cikin mutum 643 da ke jirgin, sama da 500 sun mutu ko sun jikkata kafin a sauke tuta. Wannan ba aikin matsorata ba ne. Amma da rana ta faɗi, Faransa da Sifen sun rasa jirage 18, Ingila ba ta rasa ko ɗaya ba. Ingilawa kusan 450 suka mutu, ɗaya ɓangaren fiye da 4,000, da yawansu a guguwar da ta biyo baya, inda aka ga matuƙan Ingila suna jefa kansu cikin haɗari don tsamo mutanen da suke harbi jiya.

A nan ne nake samun matsala da irin labarin da mu ƴan rediyo muka fi iyawa. Sunan admiral yana da daɗin faɗa a makirufo. Amma su wa ke jan igiyar? A Ingila, idan yaƙi ya tashi, ƴan kame ne ke bin tashoshi da mashaya, su damƙe duk wanda ya san aikin ruwa, ko matarsa na kan gwiwa. Sukan tare jirgin ƴan kasuwa da ya yi shekara a tafiya, su kwashe matuƙansa suna hangen gida. A Faransa tsarin Colbert ya fi kama da doka: ana rubuta sunan mazan bakin teku, kowa ya yi wa sarki aikin shekara ɗaya cikin kowace uku zuwa biyar, har da ɗan tallafi ga wanda ya naƙasa. Amma ƙi ba ya cikin zaɓi. A 1755, tun ba a shelanta yaƙi ba, Ingilawa suka kama jiragen kasuwa da na masunta na Faransa kusan 300, da matuƙa wajen 6,000. A yaƙe-yaƙen baya an riƙa tsare fursunonin Faransa a cikin ruɓaɓɓun jirage da aka ɗaure a bakin kogunan Ingila, wasu har shekara goma. A 1797 matuƙan Ingila da kansu suka yi bore a Spithead, domin an yi kusan shekara 140 ba a ƙara musu albashi ba. Kuma mafi yawan waɗanda suka mutu a wannan aiki, cuta da haɗari ne suka kashe su, ba yaƙi ba.

A cikin waɗannan marasa suna akwai baƙar fata. Olaudah Equiano, wanda ya rubuta cewa a ƙasar Ibo aka haife shi, bawan wani hafsan ruwan Ingila ne. A watan Agusta na 1759 yana cikin jirgin Namur a yaƙin Lagos, ta ƙasar Fotugal ba Ikko ba, yana yaro, aikinsa gudu da albarushi zuwa bakin igwa. Da yaƙi ya zo ƙarshe, ya ɗauka ya ci ƴancinsa. Ubangidan nasa ya sayar da shi a 1762. Sai a 1766 ya fanshi kansa da kuɗin guminsa. A gindin ginshiƙin Nelson ma, a allon tagullar da ke nuna mutuwarsa, akwai baƙin matuƙi riƙe da bindiga.

Kuma a kan me ake wannan faɗa? A kan hanyoyin kasuwa, da sukari, da mutanen da ake sacewa don noman sukarin. A yarjejeniyar Paris ta 1763 Faransa ta haƙura da Kanada baki ɗaya, amma ta karɓi tsibiran rake na Guadeloupe da Martinique, da tsibirin Gore na Senegal. Gore da Saint-Louis sun yi ta sauya hannu kamar kwaryar aro: Ingilawa suka kama su a 1758, suka sake kama Gore a 1800 da Saint-Louis a 1809, aka mayar wa Faransa a 1817. Robert Surcouf na Saint-Malo, wanda Faransawa ke alfahari da shi don ya kama katafaren jirgin Ingila Kent a 1800, shi ma ya yi fataucin bayi. Idan ɗan Afirka zai zaɓi gwaninsa a wannan kokowa, ya kamata ya fara sanin abin da aka ajiye a matsayin kyautar fili.

Gabar ta huce a hankali. A watan Yuli na 1815 Napoleon ya miƙa kansa ga kyaftin ɗin jirgin Ingila Bellerophon a kusa da Rochefort. Ranar 20 ga Oktoba, 1827, a Navarino, babban yaƙin teku na ƙarshe da aka yi da jirage masu filafilai zalla, Ingila da Faransa da Rasha a gefe ɗaya suke, suna yaƙar jiragen Turkiyya da Masar. Wanda ya jagorance su, Codrington, kyaftin ne a Trafalgar. Daga nan jirgin hayaƙi ya karɓi fage.

Sai dai wani ɗan bashi ya rage. Tun yarjejeniyar Utrecht ta 1713, da Faransa ta bar wa Ingila tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada, ta riƙe haƙƙin masuntanta su kama kifi su shanya shi a wani sashe na gaɓar. An sabunta wannan haƙƙi a 1763 da 1783. Faransa ba ta yarda ta sake shi ba, domin a wannan kamun kifi na ruwan sanyi ne samarinta ke zama matuƙan da rundunar ruwa za ta ɗiba. Haƙƙin ya yi kusan shekara 200 yana haddasa rigima.

A can gefe kuma, a 1898, ƙasashen biyu sun shata iyaka a ƙasar Hausa. Aka kafa tsinke a Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, wato kilomita 160, aka ce na ciki na Ingila ne. Birnin Ƙonni ta faɗa ciki, layin da ya zarce gabas kuma ya bar Maraɗi a hannun Ingila. Faransawa suka ga idan za su tashi daga bakin Kwara zuwa Damagaram sai sun zagaya ta arewa, ta ƙasa mai ƙarancin ruwa. Ranar 8 ga Afrilu, 1904, a Landan, aka haɗa lissafin biyu a takarda ɗaya. Faransa ta saki haƙƙinta na gaɓar Newfoundland. Ingila ta ba ta tsibiran Los da ke kusa da Konakiri, da ɗan yanki a Gambiya, ta kuma janyo iyakar ƙasar Hausa zuwa kudu don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa alamomi.

Ni ɗan Maraɗi ne. Ƙanen mahaifiyata a Jibiya yake, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba idan hanya na buɗe. Ƴaƴansa da Turancin Ingilishi suka yi karatu, ni da Faransanci, kuma idan an rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2019 da 2023, ta waya muke yin gaisuwar suna da ta'aziyya. Kakanninmu ba su taɓa ganin teku ba, ba su san ɗanɗanon wancan kifi ba, ba kuma wanda ya tambaye su. Ranar da na faɗi wannan a shirina, wani dattijo ya bugo daga wajen Madarunfa. Bai tambayi wa ya fi jarumta ba. Cewa ya yi in maimaita masa shekarar a hankali, yana so ya rubuta.